Mita Shida a Bayan Gida

Duk ɗalibin da ya taɓa tambayar kuɗin wata a gidan motsa jiki na zamani a garin Kaduna ya san irin lissafin da ake yi a zuci kafin a ce wa mai wurin "zan dawo". Ga kuɗin rajista, ga kuɗin Keke Napep zuwa da dawowa, ga makonnin jarrabawa da ko leƙawa ba za ka yi ba amma kuɗinka na ta ƙonewa. Shi ya sa yawancinmu muke ƙarewa a wajen ɗaga ƙarfe na unguwa, irin wanda ake yi a kango, inda mutum goma sha biyu ke layin benci ɗaya. Masu ƙoƙari kuma su sammaka Murtala Square ranar Asabar, sauran kwana shida a bar wa Allah.

Ni tun ƙarshen ND 2 na ƙudurta zan haɗa nawa wurin a bayan gidanmu, da hannuna. Har zuwa rubuta wannan ban kwaɓa ko kwanon sarki ɗaya na siminti ba. Shiri nake yi, kuma shirin ya cinye mini littafi guda, shi ne na ce bari in zuba wa abokan karatu abin da ke ciki, ko wani mai irin wannan niyya zai tsinci na tsinta.

A sashenmu na fasahar gine-gine, kafin ka ja layi ɗaya a takarda sai ka je fili ka auna, ka rubuta duk abin da ka tarar. Haka na yi. Bayan gidanmu mita 6 ne a tsaye, mita 4 a kwance. A cikin wannan ɗan wuri akwai igiyar shanya biyu, akurkin kaji, murhun dutse uku da ake girkin suna da na Sallah a kai, turken da ake ɗaure ragon layya, tarin tsofaffin bulo da Baba ya ajiye tun ina firamare, sai rariyar da duk ruwan gidan ke bi ya fita. Wato wurin da samari ke kira "fili ne kawai yana zaune" yana da ma'aikata fiye da wani ofishin. Kuma kusan duk abin da na lissafa na Umma ne.

Akwai kuma wanda ido ba ya gani, shi ne sokawe. A gidaje da yawa na cikin gari a bayan gida ake haƙa shi, a rufe da kankare, shekara da shekaru ƙasa ta hau kai har a manta da shi. Namu yana kusurwar gabas, ya ci kusan mita 2 a kowane ɓangare. Na gano iyakarsa ne da tambayar Baba, na kuma bi da guntun rodi ina ƙwanƙwasawa, don inda rami ke ƙasa amonsa daban ne. Wannan murfin an zuba shi ne don mutum ya taka ya wuce. Ba wanda ya yi lissafin wani ƙato zai riƙa sako kilo 60 daga tsayin ƙugu a kansa kullum safiya, ga shi tururin da ke tasowa daga ciki yana cin rodin ta ƙasa a hankali. Don Allah duk mai son yin irin wannan aiki ya fara da neman inda sokawen gidansu yake. A zanena na ja masa jan layi, ko tsallen igiya ban yarda a yi a kansa ba.

Da aka cire sokawe, aka cire murhu da akurki, abin da ya rage mini bai kai rabin filin ba. Shi ma ɗin sai da izini.

Na sami Umma da maganar wata ranar Juma'a da yamma, tana tsince shinkafa. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "To, ni ina zan yi shanya? Ko a kan ƙarfen naka?" Na ce ai igiyar za ta koma jikin katangar kudu, inda rana ta fi daɗewa. Ta ce murhu fa? Na ce ba zan taɓa shi ba. Ta yi shiru, ta ci gaba da tsintarta, can ta ce, "Idan za ka yi, ka bar mini hanyar da zan riƙa zagayawa. Likita ya ishe ni da maganar tafiya."

Wannan magana ita ta ba aikin nauyin da yake da shi yanzu. Umma na da hawan jini, kuma duk zuwa asibiti sai an ce mata ta riƙa tafiya ta rabin awa. A ina? Matar da ta aurar da 'ya'ya biyu ba za ta sa takalmin gudu ta bi titin unguwa ana kallonta ba, kuma ba zan ce ta yi ba. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarwarin da ta fitar a 2020, ta ce babban mutum na buƙatar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, da aikin ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu. Minti 30 sau biyar a mako ya ba da 150 ɗin cif. Mu maza muna da filin ƙwallo, muna da kango, muna da titi. Iyayenmu mata da ƙannenmu fa? Ƙanwata da ke aji biyar na sakandare, da ta ji ana zancen, sai ta leƙo ta ce, "Yaya, ni igiyar tsalle kawai za ka saya mini, amma wallahi idan abokanka za su riƙa shigowa, ba ruwana da wurin."

Baba ma a nan ya tsaya. Sharaɗinsa ɗaya ne: ba a shigo masa da samari cikin gida. Bayan gidanmu ba shi da ƙofar waje, sai ka ratsa tsakar gida, ka wuce ƙofar ɗakin Umma da kicin. Abokaina na hostal tuni sun fara yi wa kansu rajista, har akwai mai cewa shi zai zama koci. Na gaya musu gaskiya, wasu sun ji haushi, an ce na cika ƙauyanci. Ni kuwa na ga Baba na da hujja. Ranar da aka ce gardawa biyar suna nishi a bayan gida ba riga, Umma da ƙanwata sun rasa wurin ke nan, su da ba su da wani.

Saboda haka zanen ya rabu biyu. Jikin katangar arewa na bar siririyar hanya mai faɗin mita 1, tsawon mita 6, ba tudu ba kwari, ba abin tuntuɓe. Wannan ta Umma ce, ta je ta dawo, ta riƙa dafa katanga idan ta gaji. Nawa ɓangaren mita 2 ne da mita 3, a kusurwar yamma, nesa da sokawe. Lokaci ma an raba: bayan sallar asuba na Umma, ni kafin in fita lakca ko bayan isha'i, ƙanwata bayan ta dawo Islamiyya.

Sai maganar katanga, wadda ta fi komai ba ni ciwon kai. Abin da na fi so a duk wurin shi ne ƙarfen nan da ake ratayuwa a ja jiki sama har haɓa ta wuce shi. Tsawona mita 1.75 ne, idan na miƙa hannu ina kai wajen mita 2.2, don haka yadda aka saba sai a kafa ƙarfen a mita 2.3. To katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta layin bulo tara ce. Bulo ɗaya da simintin da ke ƙarƙashinsa santimita 25 ne, layi huɗu mita ɗaya, layi tara mita 2.25. Ka gane inda matsalar take? Duk jan da na yi, kaina zai ɓullo saman katanga, idona a tsakar gidan mutane, inda matan aure ke wanke-wanke. Sau goma a jere, kamar ƙadangare. Ko na rantse da Alƙur'ani ido a rufe nake yi, ba mai yarda, kuma zaman shekara ashirin da maƙwabta zai iya lalacewa a safiya ɗaya.

Hanya biyu ce. Ko a ƙara layin bulo biyu, wanda ke buƙatar kuɗi da yardar maƙwabci tunda katangar ta haɗaka ce, ko a sauke ƙarfen. Na zaɓi saukewa zuwa mita 2 daidai, in riƙa naɗe gwiwa ta baya idan na rataya. A haka idona zai tsaya wajen mita 2.1, tsakiyar kaina ma da ƙyar ta kai bakin katanga. Ƙafafun ƙarfen kuma a ƙasa za a kafa su, rami mai zurfin santimita 60, a cika da kankare. Na ga masu huda katanga su cusa fayif a ciki. Bulon inci shida mai rami ba a yi shi don a riƙa fizgarsa ba, yau da gobe ramin zai yi faɗi, wata rana mutum ya sauko da bulon a ƙirji.

Daɓe shi ne inda kuɗin yake. Da zan zuba kankare mai kaurin santimita 10 a duk filin, mita 24 murabba'i ke nan, zai ci buhun siminti wajen 15 a kwaɓin 1:2:4, wato siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu. A farkon 2024 mun ga yadda buhu ɗaya ya haura naira dubu 10 a wurare da yawa, kowa ya yi wa kansa lissafi. Amma ɓangarena kaɗai, mita 2 da mita 3, buhu 4 ya ishe shi. Hanyar Umma ba ta buƙatar kankare, jar ƙasa ce za a zuba a daddaɓe ta da kyau, ta ma fi sauƙi ga gwiwa. Tsofaffin bulon Baba su za su zama bakin hanyar, don kada ruwa ya kwashe ƙasar. Ya yarda, bayan ya tuna mini sau biyu cewa da kuɗi ya saye su.

Ruwa kuwa, wanda ya san Agustan Kaduna ba ya wasa da shi. Yanzu haka duk ruwan rufin baya a filin yake sauka, ya bi gangara zuwa rariya. Idan na ɗaga daɓena ba tare da tunani ba, na tare masa hanya, zai juya ya nufi ƙofar kicin ko ya kwanta a gindin katanga yana cin tushe. Don haka daɓen zai ɗan karkata zuwa wajen rariya, santimita 1 a kowane santimita 80. A faɗin mita 2 bai wuce santimita 2 da rabi ba, ƙafa ba za ta ji ba, amma ruwa zai gane. Abin aunawa ba sai na aro na makaranta ba, siririn tiyo mai haske da ruwa a ciki, irin na birkiloli, ya wadatar.

Lokacin zubawa ma na zaɓa: ƙarshen damina, wajen Oktoba. Ruwan sama ba zai wanke sabon kankare ba, iskar hunturu kuma ba ta iso ba, ita da ke busar da shi da wuri ya tsattsage. Kwana 7 ana ba shi ruwa safe da yamma an lulluɓe da buhunan algarara, kuma sai ya cika kwana 28 kafin wani nauyi ya faɗa masa. A saman inda ƙarfe zai riƙa sauka zan shimfiɗa falanki da robar tsohuwar taya, saboda daɓen da kuma kunnen maƙwabta.

Yanzu ga ɓangaren da kowa ya fi son ji, wato kayan nauyi, kuma shi ne mafi sauƙi. Lita ɗaya ta kankare tana da nauyin kilo 2.4 ko kusa da haka. Da wannan lamba ɗaya za ka iya haɗa duk abin da kake so. Ƙaramin bokitin fenti mai lita 4 zai ba ka kusan kilo 10. Babba mai lita 20 kuwa kilo 48, saura kaɗan ya kamo buhun siminti, ka ga wanda ya liƙa biyu a sanda ɗaya ranar farko asibitin ƙashi yake nema. Ni faifai-faifai nake so, masu faɗin santimita 30 da kaurin santimita 6, kowanne wajen kilo 10, yadda zan riƙa ƙarawa ina ragewa. A shafa wa mazubin baƙin mai don ya saki, a tsayar da guntun fayif na roba a tsakiya don ramin sanda, a sa ragar waya a ciki don ko ya fashe kada ya tarwatse a ƙafar mutum. Idan sun bushe zan kai su wajen mai sayar da gas na bakin layinmu in ɗora a sikelinsa, in rubuta wa kowanne nauyinsa da fenti. Biyu da aka zuba rana ɗaya za su iya bambanta da kilo guda, kuma kafaɗa ce ke biyan wannan bambanci.

Wani ƙaramin abu da masu haɗawa a gida ke tsallakewa: faifan gidajen motsa jiki faɗinsa santimita 45 ne, shi ya sa sandar ke tsayawa a tsayin da mutum zai sunkuya ya ɗauka baya a miƙe. Nawa mai santimita 30 zai sa sandar ta yi ƙasa da yawa, dole in ɗora shi a kan katako don ya taso. Kafin a kai ga wannan ma, jarka mai lita 25 cike da ruwa kilo 25 ce, idan yashi ne ta doshi kilo 40. Ka ɗauki biyu ka yi ta kai-komo, masu ga-ruwa ba su taɓa biyan kuɗin rajista ba, ka dubi damatsansu.

Sanda da ƙarfen ratayuwa sai Panteka. Mu 'yan Kadpoly Allah ya hutar da mu, tsohuwar Panteka ga ta nan a Tudun Wada, da ƙafa ma ka je. Sandar gidajen motsa jiki kilo 20 ce, tsawonta mita 2.2, ni ba na buƙatar irinta. Ƙarfe curarre mai kaurin milimita 25 yana da nauyin kusan kilo 3.9 a kowace mita, in aka yanko mita 1.8 na sami sanda mai kilo 7. A nemi mai santsi, don rodin gini mai zane yana yayyage tafin hannu, fayif ɗin ruwa kuma cikinsa rami ne, nauyi na yawa zai lanƙwashe. Wani mai walda da na nuna wa zanena ya duba ya ce, "Ɗan makaranta, ina abin da zai riƙe dutsen kada ya zame?" Na nuna masa a shafi na biyu, zobe mai noti a kowane gefe. Ya ce to yanzu ka yi magana. Shi ya ba ni shawarar baƙin fayif a shafa masa jan fenti mai hana tsatsa, don farin fayif hayaƙinsa wajen walda yana sa zazzaɓi. Wannan mun karanta shi a aji, tutiyar da aka shafe shi da ita ce ke ƙonewa, amma shi a ƙirjinsa ya karanta.

Benci na cire shi daga zanen gaba ɗaya, duk da shi ne abin da samari suka fi ɗauka da muhimmanci. Dalilina, ni kaɗai zan riƙa yi, ba mai tsaya mini a ka. Mutum ya kwanta, sanda ta fi ƙarfinsa ta sauko masa a wuya, wa zai kira, Umma? Sai ranar da na sami kuɗin da mai walda zai haɗa mini mai hannuwan tarewa a gefe biyu. Haka kuma faifan nan ba za su kwana a fili ba, akwai 'ya'yan yayata da ke zuwa hutu, kuma yaro ɗan shekara huɗu ba abin da yake so kamar abin da ke gangarawa. Tsohon akwatin ƙarfe na makarantar kwana da kwaɗo ya isa. Ita ma Umma, nauyi ba nata ba ne sai abin da likitanta ya amince, don riƙe numfashi ana yunƙurin ɗaga abu mai nauyi yana harba jini sama nan take.

Rumfa na bar ta a ƙarshe. Kwano zai tare ruwa, amma a watan Maris da Afrilu zama ƙarƙashinsa kamar zama a tanda ne, sannan zai ƙara ruwan da ke zuba a filin. Zana ta fi sanyi da araha, illa dai sai an riƙa sauyawa, ga murhun Umma a kusa, wuta ba ta da aboki. Tunda da asuba da dare za a fi amfani da wurin, na ga a fara ba rumfa, a ga yadda shekara za ta kasance. Ƙwan sola ɗaya a jikin bango ya wadatar. Tayar mota da zan ajiye don juyawa kuma sai an huda ta ta ko'ina, in ba haka ba damina ɗaya ta zama gidan sauro.

Masu zaman haya, ku naku lissafin daban ne. Kada ku zuba kankare ko ku haƙa rami a gidan wani sai da yardarsa, kuma ku tuna ranar tashi ba a naɗe daɓe a sa a mota. Jarka, igiyar tsalle, faifai da sanda, duk suna shiga Keke Napep.

Kuɗin aikin daga ɗan abin da na tara lokacin da nake bin wani ɗan kwangila wajen aikin sanin makama ne, da abin da nake samu idan na zana wa mutane fulan. Ba zai isa a yi komai lokaci ɗaya ba, don haka na jera su. Hanyar Umma ce farko, tunda ba ta cin siminti, jar ƙasa ce da baro da ƙarfina, kuma zan iya gamawa a hutun wannan zangon. Sai ƙarfen ratayuwa, sai daɓe a Oktoba, faifai kuma da ragowar kwaɓin ranar. Buhu biyu na riga na biya a shagon siminti an rubuta mini a kati, saura biyu. Ƙanwata kuwa ba ta jira kowa ba, ta yanki igiyar shanya ɗaya ta fara tsallenta, kuma har yanzu Umma ni take bi bashin igiyar.